Yadda Sada Ya Zama Suruki a Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da amsa tambaya ba. Mai zuwa aron turmi sai ta tambaya, mai zuwa neman kanwa sai ta tambaya, har waɗanda ba su leƙo ni da sallah ba sun gano ƙofar gidana. Kowa bakinta ɗaya: ya hanya, ya mai jego, sannan ta rage murya ta ce, to ya Sada ya yi? Wannan ta ƙarshen ce ke kawo su, na sani. Na gaji da maimaitawa, kuma na ji labarin ya fara canza kama a bakin rijiya, har an ce wai ɗaure shi aka yi a mota. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Asabe na ce ta ɗauko biro, tunda ni ban yi boko ba, ta rubuta yadda na faɗa kada ta gyara mani magana.

Ga wanda bai san mu ba, Sada autana ne, ya haura talatin. Na haihu da yawa amma biyu suka tsaya, shi da yayarsa Dije da ke aure a Maraɗi. Tun yana ƙarami ba ya son a taɓa shi, ba ya kallon idon mutum, hayaniya kuma tana shigar mashi kai kamar ana buga ƙusa. Yana magana amma kaɗan, sau da yawa abin da ka faɗa shi zai mayar maka. An ce iska ce, an ce sammu ne, mun sha rubutu mun sha hayaƙi. Daga baya wata likita a Katsina ta ce ba ko ɗaya, halitta ce, sunanta otizim, kuma ba ta da allura. Sallah ba ta wuce shi, a ƙarshen sahu jikin bango. Sana'arsa igiya, ya warware tsohon buhu ya tufka. Akuyar da ka gani a turke a Dudunni, da wuya ba igiyarsa ce a ƙafarta ba.

Taro shi ne wahalarmu. Da shekaru na koyi yadda ake shiga da shi, ba wanda ya koya mani. Tun da sauran kwanaki nake gaya mashi inda za mu, wa za mu gani, me za a ci, kuma ba na yi mashi ƙarya ko ta lallashi, don in ka ce mashi babu makaɗa ya je ya tarar da su, to ka ɓata aikin shekara. Mukan riga kowa zuwa, ya zaɓi gefe ya jingina da bango, taro ya taru a gabansa sannu a hankali, ba shi ya faɗa cikin taro ba. Hular sanyinsa tana bisa kunnuwansa ko da bazara. Zaren buhu yana aljihu. In na ga ya fara gunji ƙasa-ƙasa yana rausaya, sai in ce, Sada, mu je mu duba awaki, mu fice ba sallama. A Dudunni kowa ya san haka, ba mai jin haushi. Amma Dudunni ce, inda tsohuwa kamata za ta tsaya a bakin zaure ta daka wa ƙato tsawa ya kama kansa.

Bara hawan jini ya kayar da ni a bakin murhu. Ina kwance ƙanen mahaifinsu na Rimaye ya zo dubiya. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana gaya wa mutane, yana zaton barci nake, cewa in ta Allah ta kasance shi kam bai iyawa da Sada, amma ya san gidan wani malami inda ake ajiye irinsu, a sa masu mari a ƙafa har su natsu. Da na miƙe na sa aka kira mani Dije a waya. Ta yi kuka ta ce Sada nata ne. Na ce ta share hawaye, gidan da take ciki ba nata ba ne, na Alhaji Isuhu ne, gida mai ƙanne da 'ya'yan ƙanne da baƙi ba iyaka. Rabon Alhaji da ganin Sada tun ɗaurin aure, kuma ran nan a bayan rumbu Sada ya wuni. Da Dije ta haihu aka aiko da ranar suna, na ce to ga rana ta zo. Zan kai shi ya shiga taronsu, su gan shi a yadda yake, ni ma in gan su. In an rabu lafiya in nemi alfarma. In ba a rabu lafiya ba, in dawo in san abin da zan roƙi Allah.

Daga Dudunni zuwa Kusada a mashin muka tafi. Sada bayan Ɗanlami ɗan acaban garinmu, don shi kaɗai yake yarda ya hau, shi ma ba ya riƙe shi, ƙarfen baya yake kamawa. Ni kuma na faɗa hannun wani mai gudun tsiya, sai da na dungure shi a baya sau biyu ya tuna tsohuwa ya ɗauko ba buhun wake ba. Daga Kusada muka samu motar 'yan kasuwa zuwa Kankiya.

A Kankiya na biya wurin Ibon nan mai kemis inda nake sayen maganin hawan jini. Mutum ne mai kirki, Hausarsa ta fi ta wasu da aka haifa a nan. Da ya ji inda za mu sai ya ɗauko wasu 'yan robobi masu laushi ya ce a toshe wa Sada kunne da su, kyauta. Sada ya karɓa ya sunsuna, ya ajiye su bisa kanta kamar ya taɓa kashin kaji. Na kwashe na ƙulle a bakin gyale don kada mutumin ya ji kunya.

A tasha na ce da ɗan kamasho gidan gaba nake so, duka, Sada shi kaɗai. Ya ce gidan gaba na mutum biyu ne. Na ce na sani, na biyun zan biya. Ya ce to ni in zauna tare da shi mana. Na ce da ina son shawara da na tambaya. Direba ya kunna waƙa, na ce ya kashe, ya ce motarsa ce, na ce kunnen ɗana ne. Ya kashe. Ni na shiga baya aka matse ni da wata Hajiya mai haƙorin Makka, wadda tun kafin mu kai Caranci ta gano ciwon Sada da maganinsa. Ta ce aljana ce ta aure shi. Ta ce akwai malami a garinsu, zama ɗaya yake yi. Daga nan ta koma cewa ko aure za a yi mashi, aure na warkar da abubuwa da yawa. A nan na tuna da robobin Ibo. Na kwance bakin gyale na cusa su a kunnena tana kallo. Suna da kyau ƙwarai, duk mai tafiya ya nema.

A Katsina muka kwana, don ba mai hankalin da zai kama hanyar Jibiya rana na sunkuyawa. Gidan Rakiya muka sauka, ɗiyar ƙanwata. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ta malala miyar bisa tuwon har da man shanu, ta kai wa Sada da kanta. Ya dubi kwanon ya juya mashi baya. Na ga idonta ya kawo ruwa, na ce ba girkinki ya ƙi ba, tuwo daban miya daban yake ci, shi ke haɗa su da hannunsa. Ta sake zubawa a kwano biyu ya cinye tas. Sauran yammacin a ƙarƙashin fankar falonsu ya yi shi, kansa sama yana murmushi, har mijin Rakiya ya ce bai taɓa yin baƙon da ya yaba wa fankarsa haka ba.

Hanyar Jibiya kowa ya san halin da take ciki. Shinge bayan shinge, sojoji na leƙa mota, fasinja kowa bakinsa na motsi da addu'a, ba mai hira. Da na leƙa gaba sai na ga Sada ya miƙe ƙafa yana tufkarsa hankali kwance. Bai taɓa shiga motar da ta yi mashi shiru haka ba.

A Magama ake fita ƙasarmu, a Ɗan Isa ake shiga tasu. Na zaci zan ga katanga ko kogi, sai na ga ƙarfe a gicciye da mutane cikin kaki, gero kuma iri ɗaya gaba da baya. Aka ce kowa ya sauka da katinsa. Jami'in can ɓangaren, wani dogo, ya ce mani madam. Na waiga in ga da wa yake. Na ce mashi ni ba madam ba ce, na haifi kamarsa. Ya yi dariya ya ce to Inna. Ya dubi hoton Sada ya dubi Sada ya ce ya cire hula. Wannan na riga na gaya wa Sada tun a gida, ya cire da kansa ya rungume ta a ƙirji. Sai mutumin ya ce, ina za ka? Sada ya ce, ina za ka. Ya sake tambaya da ƙarfi, Sada ya sake mayar mashi, har da irin muryarsa. Na ga fuskar mutumin ta fara ɗaurewa. Na shiga tsakani na ce ba raini ba ne, haka Allah ya yi shi, in yana son amsa kada ya tambaya, ya fara maganar ya bar mashi ƙarshenta. Sai ya ce, za ku tafi. Sada ya ce Maraɗi, gidan Dije, suna, rago, a gaida Alhaji, a dawo. Duk abin da na biya mashi a gida ya zazzage. Jami'in ya miƙo katunan ya ce shi kansa bai san abin da zai yi gobe haka ba.

Maraɗi dai Hausawa ne kamarmu, bakinsu ma kusan namu ne, sai dai su tsoma Faransanci a tsakiyar magana kamar mai jefa barkono a kunu. Makaranta lakwal, asibiti likita, mashin moto. Abin da ya fara tsayar da ni mata ne bisa mashin, su ke tuƙawa, da hijabinsu da goyo, wata ma har da tsohuwa a bayanta ta yi ɗare-ɗare. Na ce da mai kai mu, mazansu ina suke? Ya ce suna gida suna shan shayi. Na ɗauka wasa yake sai da na gani. Shayin nan a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, a wuni ana dafa shi ana ɗaga buta sama. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa tafiya da sauran haƙorana. Amma furarsu, gaskiya ɗaya ce, ta fi tamu. Na sha na ƙara, ban dai gaya masu ba.

Dije na same ta lafiya, jariri namiji, jajir. Da ta ga ƙanenta ta san kada ta rungume shi, ta tsaya nesa ta ce Sada, ya ce Dije, shi ke nan gaisuwarsu tun suna yara. Uwar mijinta, Hajiya Baraka, mace ce mai baki kamar rediyo amma cikinta fari. Ita ta nuna mana wani ɗan ɗaki a jikin zaure inda ake ajiye buhunan wake, na ce ya yi, nesa da mata nesa da yara. Alhaji Isuhu ya zo gaishe ni yadda ya kamata. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bayan labule, ya gaishe ni na amsa, ya tashi. Tsakanina da shi ke nan tun da ya auri ɗiyata, kuma haka ya dace. Sai dai wannan karon kunyar ta zame mani ƙaya, don mutumin da nake son in gaya wa komai shi ne wanda ba zan iya yi wa doguwar magana ba. Dole na bi ta bakin Dije. Na ce ta gaya mashi kada a miƙa wa Sada hannu, kada a taɓa hularsa, kada a tsare shi da ido, in ya tashi a bar shi. Ta ce to, jariri na tsotso, mata na shigowa barka. Na ga rabin maganar a ƙasa ta zube.

Ranar suna bayan asuba na kai shi ƙofar gida tun ba kowa. An kafa rumfa an shimfiɗa tabarmi. Ya zaɓi kusurwa jikin bango ya zauna ya fiddo zarensa. Daga nan iyakata ke nan. Gidan surukai ne, taron maza ne, in na taka waje Dije ce za ta ɗauki abin kunyar har ta tsufa. Na koma cikin zaure na laɓe a bayan ƙyaure, inda ya ɗan rabu da bango, na sa ido. Hajiya Baraka ta zo wucewa ta ce in wani ya gan ni zai ce ɓarauniyar takalma ce. Na ce ta ce duk abin da ta ga dama.

Da farko lafiya. Maƙwabta suka riƙa zuwa, wasu an gaya masu, suka wuce shi da sannu. Waɗanda ba a gaya wa ba suka miƙa hannu, suka ga ba a karɓa ba, suka mayar aljihu suna waige. Rumfa ta cika, ana rabon goro da dabino, liman ya zauna, Alhaji a gefensa. Sada na tufka. Har na fara sakin numfashi.

Sai ga Lawali, ƙanen Alhaji, ya iso daga Madarunfa bisa mashin, ba wanda ya gaya mashi komai. A nan al'ada ta ci mu. Ƙanen matar yayanka abokin wasanka ne, can da nan duk ɗaya, in ma ba ka tsokane shi ba sai a ce ba ka ɗauke shi ɗan'uwa ba. Yaron nan da zuciya ɗaya ya zo. Ya hango baƙo a kusurwa, aka ce mashi ƙanen Dije ne, ya tafi da murna yana cewa ga ɗan Najeriya, ga ƙanen matata. Ya cafki hannunsa ya girgiza. Ya fizge hular ya ɗora a kansa ya ce wannan hula a wannan zafi, sai an fanshe ta. Daidai nan maroƙi ya buɗe maƙogwaro a bakin rumfa yana gwada murya.

Na san ƙarar da Sada ya yi, su ba su san ta ba. Ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa, ya kai wuyan hannunsa baki ya ciza, ya fara buga ƙeya da bango. Mutane suka dare. Na ji wani na a'uziyya, wani dattijo na cewa a danne shi kada ya ji wa kansa ciwo, wani na cewa a kawo ruwa liman ya yi tofi. Samari biyu suka nufo shi suna naɗe hannun riga. Na san abin da zai biyo baya. Sada ƙarfi gare shi, hannun noma ne da tufka, in aka danne shi sai wani ya karye, kuma in jini ya zuba a sunan ɗan Alhaji, magana ta ƙare tun ban buɗe baki ba. Na ja ƙyaure, ƙafata ɗaya ta riga ta fita. Hajiya Baraka ta damƙe zanena ta baya ta ce in tsaya, in dubi ɗanta.

Alhaji Isuhu ya taso daga gefen liman. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗaga wa samarin hannu suka tsaya. Ya cire hular daga kan Lawali. Ya tako har ya rage kamar tsawon tabarma tsakaninsa da Sada, sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, yadda yake yi mani a bayan labule. Ya ajiye hular a ƙasa ya tura ta da yatsa. Ya ce a hankali, ina kwana. Bai ƙara ba, bai ɗago ba. Mutum mai babbar riga, uban jariri, durƙushe a ƙasa gaban jama'arsa. Rumfa ta yi tsit, maroƙi ma ya haɗiye abin da ya ɗauko. An jima a haka. Sannan na ga hannun Sada ya fito ya ja hular, ya jawo ta har bisa kunnuwa. Bugun ƙeyar ya tsaya. Gunjin ya yi ƙasa.

Alhaji ya ja da baya, sannan ya juya ga mutane.

"Wanga surukina ne," ya ce.

Lawali, da duk ya rikice, ya ce, "Yaya, ƙanen Dije ne fa."

"Uban Dije ya rasu. Wa ya taso daga gidansu ya zauna mazauninsa? Shi. Abin da ba ku yi wa surukina, kada ku yi mashi."

Ya koma wurinsa. Ya aika aka ce da maroƙi in an raɗa suna ya tafi can bakin titi ya sanar, ladarsa na nan.

Daga nan duk wanda ya iso, sai na kusa ya raɗa mashi cewa surukin Alhaji ne a kusurwa. Ba sai an ƙara bayani ba. Mutum ya tuɓe takalmi, ya rage tsawo daga nesa, ido a ƙasa, ya gaida shi a taƙaice ya wuce. Ba hannu, ba kallo, ba tsokana, ba doguwar tambaya. Ina bayan ƙyaure ina kallon abin da na shekara talatin ina roƙon mutane ɗaya bayan ɗaya, ga shi kowane ɗan Bahaushe ya iya shi tun yana yaro, suna kawai ake buƙata a sa mashi. Sada ya zauna har aka shafa fatiha. Na jiyo maroƙi daga nesa yana faɗin sunan, na Malam ne aka mayar, mahaifinsu, don haka ba za ku ji shi a bakina ba. Da aka fara miƙewa Sada ya tattara zarensa ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa. Ba wanda ya bi shi. Suruki in ya tashi ba a tambayarsa ina za shi.

Na shafa mashi man kaɗanya a wuyan hannu, haƙoran sun shiga amma ba sosai ba. Da yamma mata suka yi nasu, da guɗa da kiɗan ƙwarya, shi yana can gaba ƙofa a rufe.

Ni ba a saye ni da abin rana ɗaya. Mutum na iya yin abin kirki gaban taro don taro. Shi ya sa na ƙara kwana, na ce ƙafata ke ciwo, na zauna inda nake ganin zaure. Na ga 'yan matan gidan suna kai mashi abinci, kwano biyu, su ajiye a bakin ƙofa su yi sallama su juya. Na ga Hajiya Baraka ta kori jikokinta daga zaure da muciya ta ce ba a ƙwallo a ƙofar suruki. Na ga Lawali ya zo da hantsi, ya tuɓe takalmi tun daga titi, ya durƙusa har ya wuce misali, yana ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, kamar gaban alƙali. Na ce a raina wannan ko a ladabi sai ya yi wauta. Sada bai dube shi ba. Can ya ɗauko igiya ɗaya cikin waɗanda ya gama ya ajiye a ƙasa ya tura mashi. Lawali ya shigo cikin gida yana nuna wa kowa, shi da ba ya da ko ɗan akuya.

Ranar da za mu taho Alhaji ya zo sallama, ya durƙusa a bayan labule. Na kwana ina shirya yadda zan ɗauko maganar ba tare da na zubar da girma ba. Bai bar ni na fara ba.

"Inna, ɗakin nan da ya kwana, na sa a kwashe waken. Za a toshe tagar da ke kallon titi a buɗe wata ta baya. Ba mai shiga, nashi ne."

Na ce, "Ban mutu ba tukuna, Alhaji."

"Allah ya ƙara nisan kwana. In an yi girbi ku zo ku yi wata guda, ya saba da mu tun kina kusa."

Na ce miya daban tuwo daban. Ya ce Dije ta faɗa. Na ce Dije mantuwa gare ta, ya ji daga bakina. Na jero mashi komai, tun daga kada a yi mashi ƙarya har zuwa yadda ake fara mashi magana a bar mashi ƙarshenta, yana to Inna, to Inna. Hajiya Baraka na gefe tana tafa hannu tana cewa yau ta ga rashin kunyar 'yan Najeriya, suruka ta tsare suruki da hira. Na ce ta bari in gama, bayan yau ba zai sake jin muryata haka ba.

Saura shi mai ɗakin, don ba buhu ba ne da za a ajiye inda aka ga dama. Na same shi yana haɗa kaya. Na ce, Sada, bayan girbi za mu. Ya ce Maraɗi. Sai na ga igiyar da ya fara bai gama ba a ɗaure jikin ƙusa a bango. Na nuna mashi na ce ya manta. Ya dube ta, ya ɗauki jakarsa ya fita. Sada bai taɓa barin aiki rabi a inda ba zai koma ba.

Na dawowa ba ni da labari mai yawa, kuma dalilin ke nan wasu ke cewa ina ɓoye wani abu. Ba abin da nake ɓoyewa. Tun da na haifi yaron nan ban taɓa runtsawa a mota yana ciki ba, idona na ƙeyarsa, kunnena na numfashinsa. Wannan karon muna wuce iyaka na jingina kai da gilashi, ban san an wuce shingayen Jibiya ba. A Katsina muka canza mota na sake komawa barci. Abin da na ji kawai ana ƙwanƙwasa kujera, na buɗe ido na ga Sada ya juyo daga gidan gaba yana cewa Kankiya, Kankiya, direba ya riga ya tsaya. Matar da ke kusa da ni ta ce har da minshari. Ban musa mata ba.